Injin zarton yankan ado: abin da masu aikin katako suka ce

Da na nemi shawara kan mai sauƙin kuɗi, bakinsu ya zo ɗaya a kan girgiza. Inji marar nauyi yakan yi ta rawa har layin zane ya kauce, don haka a ɗaure shi da noti a jikin tebur. Wani dattijo ya nace a sayi mai karɓar ruwan zarto marar fil (ɗan ƙarfen da ke gicciye a ƙarshen ruwan), domin shi ke shiga ƙaramar huda idan za a yanke cikin fure. Wannan ta fi kama hankalina.

Mai inci 16 (tazarar ruwan zarto zuwa bayan injin), irin na kamfanin WEN, ya ishi mai koyo. DeWalt DW788 ya fi, sai tsada. Wanda aka yi amfani da shi daga Amurka kuwa wutarsa volt 120 ce, sai da taransifoma.