Hayar kwamfuta a intanet don ma'aikatan gida, wa ya taɓa gwadawa?

Maikanti_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da ƙaramin ofis na lissafin kuɗi a Kano, ma'aikatana wasu suna Zariya wasu Kaduna kowa daga gida yake aiki, kuma fayilolin kwastomomi duk a warwatse suke cikin laftof ɗinsu. Kwanaki aka sace ta wani yaro a tasha, wallahi da kyar na yi barci. Wani ya ce min akwai tsarin da kwamfutar gaba ɗayanta tana can a sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu da ake shiga ta intanet, kai dai ka shiga da sunanka ka yi aiki. Don Allah masana ya abin yake, kuma zai yiwu da netwok ɗinmu na nan?

Injiniya_Bauchi:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Eh akwai, manyan da aka sani su ne Amazon WorkSpaces da kuma na Microsoft guda biyu, Azure Virtual Desktop da Windows 365 wanda ya fito a 2021. Yadda yake shi ne Windows ɗin da manhajojinka da fayiloli duk suna can, abin da ke zuwa wa ma'aikaci hoton allon ne kawai, shi kuma abin da ya danna ya tafi can. To ka ga ko an sace laftof ɓarawo ƙarfe ya ɗauka, sai ka rufe asusun ka ba yaron wata ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tsohuwar kwamfuta ma tana yi, har wacce Windows 11 ya ƙi hawa kanta.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne nisa, mutane sai su ta kallon saurin data alhali ba nan take ba. Duk harafin da ka buga sai ya je sabar ya dawo kafin ka gan shi, kuma manyan cibiyoyinsu a Afirka suna Afirka ta Kudu ne, Microsoft a Johannesburg tun 2019, Amazon a Cape Town 2020, in ba su ba sai Turai. In zuwa da dawowar ya haura milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) za ka fara ganin linzamin yana jan ƙafa, kana rubutu a Excel lambar sai ta yi jinkiri kafin ta fito. Kar ka ce ai Afirka ta fi kusa, gwada duka biyun, wani lokaci Landan ta fi saurin amsawa saboda yadda wayoyin ƙarƙashin teku suka bi.

Hajiya_Akanta:
Injiniya ka manta babbar magana, da dala ake lissafin kuɗin fa, kowane mutum kowane wata. Tun da aka saki naira a 2023 duk wanda ke biyan irin waɗannan ya ji a jikinsa. Sannan ran da netwok ya ɗauke ba aiki kenan, ko wasiƙa ba za ka buɗe ba, ni dai da ma'aikatanka ba su da yawa da na ce ku tsaya a OneDrive ko Google Drive ku sa wa laftof ɗin BitLocker, wato makullin Windows da ke kulle bayanan ciki, ya fi arha nesa ba kusa ba.

Injiniya_Bauchi:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai in manhajar lissafinsu irin wacce ake girkawa ce a Windows kuma kowa sai ya taɓa bayanai ɗaya, Drive ba zai wadatar ba. Kuɗin ma ana rage shi, WorkSpaces yana da biyan awa da ke kashe kansa in ba kowa, Azure kuma mutum da yawa na iya hawa inji ɗaya. Alhaji ka kuma duba dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tunda bayanan mutane za su fita ƙasar waje.

Maikanti_Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tamu girkawa ake yi kam. Bari in fara da mutum biyu wata ɗaya, zan sa na Zariya a ciki don shi netwok ya fi ba wa wahala. Injiniya firinta fa, rasit zai fito a ta gidansa?