Wai da gaske gwanjo ake yi kan tallan Google?

Mai_Shago: Salam jama'a, don Allah wai da gaske ne tallan da ke fitowa saman Google gwanjonsa ake yi? To ashe mai kuɗi ne kullum zai hau sama kenan?

Ɗan_Kwamfuta: Wslm. Gwanjo ne kam, duk sanda mutum ya yi bincike ake yinsa nan take kafin shafin ya buɗe, amma ba kuɗi kaɗai ba ne malam, suna duba ingancin tallan da yadda mutane ke danna shi, sai ka ga wanda ya taya ƙasa ya wuce mai kuɗin, kuma sai an danna za ka biya.

Baba_Tsoho: Kuma fa ba Google suka fara ba. Bill Gross ne da kamfaninsa GoTo.com a Amurka a 1998, daga baya sunan kamfanin ya koma Overture. Sun maka Google a kotu a 2002 kan haƙƙin mallakar fasahar, Yahoo ta saye Overture a 2003, aka yi sulhu a 2004 Google ta ba Yahoo hannun jarinta guda miliyan 2.7.

Mai_Shago: Ikon Allah! Na gode Baba, ni duk tunanina su suka ƙirƙiro abin wallahi.