Wai mishan ne suka dawo mana da itace a gonakin Maraɗi?

Ɗan Tsibiri: Ni dai na faɗa kuma ban janye ba, ba don mishan ba da yanzu matanmu da kashin shanu suke dafa tuwo. Tony Rinaudo ɗan Ostareliya da ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka turo, shi ne a 1983 ya lura ƴan tsiron da muke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturen itace ne mai rai a ƙasa. Ka bar reshe biyu uku masu ƙarfi ka datse sauran, shikenan fa sassaben zamani.

Malam na Matamaye: Haba ɗan'uwa, gawo fa? tun kakanni ba a sare gawo a gona wajenmu, da damina ya zubar da ganye gero ya yi kyau a gindinsa, da rani awaki su ci ƴaƴan. Wane bature ya koya ma mutanen Damagaram wannan

Ɗan Tsibiri: Malam gawo daban. Sabara da kalgo fa, wa ke barinsu? gonar da ba a share tas ba ai cewa ake mai ita rago ne

Uwar Biyu: Ku maza kuna ta gardamar wa ya fara, mu ne muka san abin a wuyanmu. Ina yarinya da asuba muke fita neman icce ni da innata sai rana ta take mu dawo da ɗan dami ɗaya, wani lokacin karan gero kawai, hayaƙi ya cika ɗaki ido na ruwa tuwon ma bai nuna ba, yau ɗiyata bayan gida take zagawa gonar babanta ta sassaro ta dawo ta tafi lakwal, har na sayarwa muna samu ranar kasuwa. Wanda ya kawo dabaran Allah ya saka mishi, addininsa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Malam na Matamaye: Hajiya gaskiyarki, ban musa wahalar ba. Amma a faɗi duka. Yunwar 1984 da hatsi aka jawo mutane, ka bar itace a ba ka abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare. Kuma a da itace na gwamnati ne, ka taɓa ma'aikatan daji su ci ka tara, to wa zai rena abin da ba nashi ba? sai da manomi ya ga iccen nashi ne sannan abin ya kama

Ɗan Tsibiri: To waɗanda basu sare ba ai su maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ko

Uwar Biyu: Baffana na cikinsu, dariya aka riƙa yi mishi a gari. Kalgon da ya bari yana nan gabas da rijiya, ƙarƙashinsa muke sussuka.