Wace kalma za mu ba "cruise"? Inna na jira

Jama'a, yau da roƙo na zo, kuma Inna ce ta ɗora mini wannan aiki.

Autanmu yana karatu a Tromso, can ƙuryar arewacin ƙasar Nowe. Da suka samu hutu a farkon Yuni sai ya gangaro Bergen ya hau jirgin ruwa, ya yi kusan mako guda yana komawa arewa ta gefen teku, yana ta turo hotuna: tsibirai, duwatsu da ƙanƙara a bisa kansu, jajayen ɗakunan katako tsaye kan ƙafafu a bakin ruwa. Jiya da la'asar ina gefen tabarmar Inna a gidanmu na Daura ina nuna mata. Ta ce, "Me ya kai shi cikin ruwa haka?" Na ce yawon buɗe ido ya tafi. Ta ce, "Wane gari?" Na ce ai ba gari ɗaya ba ne, jirgin ne ke tsayawa nan da can, a cikinsa yake ci, a cikinsa yake kwana. Ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, faɗa mini gaskiya. Korarsa aka yi daga makaranta?"

Ina koyar da Hausa, ana ce mini Malam, amma na rasa kalma ɗaya da zan kwantar wa mahaifiyata hankali da ita. Shi Auta "cruise" ya rubuto. Mu fa?

Ba a raɗa suna ba a ga jariri ba, don haka bari in fara nuna muku abin.

Hanyar da ya bi ta fara aiki tun 1893, kuma ba don shan iska aka buɗe ta ba. Duwatsu da ruwa sun yayyanka ƙasar, garuruwan arewa ba titi ba dogo, sai aka sa jirgi ya riƙa kai musu wasiƙu da kaya da mutane. Sunan da suka ba ta, Hurtigruten, ma'anarsa hanya mai sauri. Yau jirgin na tashi daga Bergen ya kai Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tashoshi 34, zuwa da dawowa kwana 11. Wata tashar minti goma sha biyar ya tsaya a sauke kaya ya wuce, wata kuma, kamar Trondheim ko Tromso, sai ya yi awanni, fasinja su sauka su zaga gari su dawo. A jirgi ɗaya za ka ga wanda ya biya kuɗi mai yawa don kallo da wanda zai sauka gari na gaba wurin danginsa.

Inda Auta ya fi ɗaukar hoto shi ne tsibiran Lofoten. Ya sauka Svolvaer ya kwana biyu, ya shiga mota ya zaga ƙauyukan masunta, Henningsvaer da Nusfjord da Reine, har da wani mai suna harafi ɗaya tak, Å, sannan ya tari wani jirgin ya ci gaba. Abin da ya kafa waɗannan ƙauyuka kifi ne. Kowace shekara daga Janairu zuwa Afrilu wani babban kifi yakan gangaro daga tekun Barents ya zo nan ya yi ƙwai, masunta su taru daga ko'ina. Jajayen ɗakunan nan da Inna ta gani masaukinsu ne. Tun wajen 1120 wani sarkinsu, Øystein, ya sa aka gina irinsu don baƙin masunta su samu wurin kwana. In an kama kifin sai a ɗaure shi biyu-biyu ta wutsiya a rataye kan manyan ragayun katako. Ba gishiri, ba hayaƙi, sanyi da iska kawai, har wajen Yuni, ya bushe ya yi tauri kamar itace. Gangar jikin mafi yawa Italiya take tafiya. Kawunan kuwa, ku canka.

Najeriya. Shi ne okporoko na Ibo, panla na Yarbawa, wanda aka riƙa kawowa cikin kayan agaji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har ya zauna daram a tukunyar miya. Duk wanda ya taɓa bi ta rumfunan masu kayan miyar kudu a babbar kasuwar Katsina ya shaƙi warinsa. Auta ya ce da ya gaya wa wani dattijo a can daga Najeriya yake, sai mutumin ya nuna masa tarin kawunan kifi yana dariya.

Kuma ba Nowe kaɗai ake irin wannan tafiya ba. A Kuroshiya ƙananan jirage na ɗaukar mutane mako guda tsakanin Split da Dubrovnik, suna kwana a tsibirai irin su Hvar da Korcula. A Turkiyya jiragen katako ne ke tashi daga Bodrum, kuma Turkawa ba su ari kalmar kowa ba, suka ce mata mavi yolculuk, wato shuɗiyar tafiya. Ita kanta "cruise" ɗin aro ce: Turawan Ingila sun karɓo ta daga mutanen Holan, inda take nufin ratsawa, a je a dawo. To kalmar da muke nema sai ta ɗauki duk waɗannan: ana kwana, ana tsayawa wuri-wuri, ƙasa ba ta ɓace wa ido sosai ba, kuma tafiyar ce abin da aka saya, ba isowa ba.

Aro na fara gwadawa, tunda mun ari mota da asibiti ba wanda ya mutu. Sai dai in ka Hausantar da ita "kurus" za ta zama, mu kuwa muna da kurus ɗinmu: an yi masa magana ya yi kurus. Ka ce wa Inna Auta ya tafi kurus ka ga abin da zai biyo baya. Ga kuma yaran yanzu da suka riga suka kama kalmar da wata ma'ana; in ɗalibina ya ce mini "cruise" ne, tsokana yake nufi. Aro ya faɗi.

"Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa" shi ne abin da na fi ji, musamman a 2020 da aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama da mutum sama da 3,700 saboda korona. Ba kuskure ba ne, amma bayani ne, ba suna ba. Kalma biyar, kuma ko ɗaya ba ta gaya maka ana kwana ba. Wanda ya hau kwalekwale a dam ɗin Sabke na rabin awa ranar Sallah shi ma yawon shaƙatawa ya yi a jirgin ruwa.

Fito kuwa tsallakarwa ce, daga wannan gaɓa zuwa waccan, a biya kuɗin fito a wuce. Shawagi na shaho ne da jiragen soja. Balaguro ya yi faɗi, ko Kano ka je ka yi shi.

Na tsaya nan, ku kawo naku.

Bayan Isha'i.

Na gode, amsoshi sun zo da yawa, amma wadda ta tsayar da ni a majalisar ƙofar gida na same ta. Baffa, wanda ya yi rayuwarsa cikin dawaki, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan ai kilisa ce. Ka ɗaura sirdi ba don yaƙi ba, ba don aike ba, ka fita ka zaga ka dawo. In a ruwa ne sai ka ce kilisar ruwa."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kilisa ta kama ruhin abin, tafiyar da ita ce manufar kanta, kuma kalma ce mai ƙamshin gida, duk ɗan Daura da Katsina ya san ta. Na kusa rufe zancen.

Sai na ce, "Baffa, ana kwana a kilisa?" Ya ce, "Wa zai kwana? Kafin Magariba an kwance sirdi." Na ce to Auta ya kwana shida. Ya ce, "A'a, wannan ya wuce kilisa. Wannan rangadi ya fita." Ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai faɗi komai ba.

Ku duba rangadi da kyau. Sarki ko hakimi ya tashi daga gida da jama'arsa da guzurinsu, ya bi ƙasa gari-gari, ya yada zango nan, gobe ya tashi, an san jerin garuruwan tun kafin a fita, an san inda za a kwana da inda za a sha ruwa kawai a wuce, mutanen gari su fito kallo, a ƙarshe a komo inda aka taso. Ku cire dawaki ku sa jirgi, me ya rage? Har bambancin tashar minti goma sha biyar da ta awa huɗu yana ciki.

Na san abin da za a ce, don wani malamina na jami'a ya riga ya rubuto mini: rangadi aiki ne, kuma yana da warin haraji da jangali. Di'o na zamanin Turawa rangadi yake fita, kuma talakan da aka sauka garinsu shi ke ciyar da baƙi, alhali a jirgin nan baƙo ne ke biya. Allah ya gafarta Malam, na karɓi rabin wannan. Sai dai kalmar ta daɗe da fita daga hannun Di'o. Yau gwamna na rangadin ƙananan hukumomi, 'yan siyasa na rangadin neman ƙuri'a, mawaƙa da masu wa'azi na rangadin garuruwa. Abin da ya saura a cikinta shi ne siffar tafiyar. Kuma jirgin Nowe ɗin ma da aiki ya fara, har gobe yana sauke kaya. In muka ce rangadin teku, kalmar teku ta isa ta kore haraji. Ba wanda zai zaci an je ƙirga shanu a tsibiri.

(Da "d" ake rubuta shi fa, ba mai lanƙwasa ba. Rangaɗa daban, ta guɗa ce. Shi kuma rangaji, wanda wata 'yar'uwa ta kawo cikin raha, Auta ya tabbatar akwai shi: akwai wuraren da jirgin ke fita daga inuwar tsibirai ya shiga buɗaɗɗen teku, a nan abincin dare ya dawo masa.)

Da safe.

Wani bawan Allah daga Yawuri ya gyara mini abu, kuma in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ɗan Daura da babban ruwan garinsu rijiyar Kusugu ce ba shi da bakin musu. Ya ce "ƙauyukan masunta" ba laifi, amma su a bakin Kainji tunga suke cewa: wurin da masunta suka sauka don kamun kifi na wani lokaci, suka kafa bukkoki, a hankali ya zama gari. To ai tarihin Lofoten ke nan ba ƙari ba ragi, masaukin baƙin masunta na lokacin sanyi da ya rikiɗe ya zama mazauni. Ban taɓa tunanin kalmar Kabi za ta zauna wa wani ƙauye a Turai kamar an auna ba. Na karɓa hannu biyu. In ana so a nuna daɗewarsu sai a ce tsoffin tungayen masunta. "Ƙauyuka masu tarihi" da na fara tunanin rubutawa fassara ce kawai, kowane gari ai yana da tarihi.

Tashoshin da jirgi ke tsayawa kuwa ba sai mun wahala ba, fatake sun bar mana zango, ga ma Zangon Daura nan kusa da mu. Rangadi mai zango 34.

Saboda haka ga inda na tsaya. Fita ta 'yan awanni a ruwa, a dam ne ko a kogi ko a teku, kilisar ruwa ce, kalmar Baffa ba za ta tafi a banza ba. Wadda ake kwana ana yada zango, rangadin teku. In ana so a fayyace cewa gefen ƙasa ake bi, rangadin gaɓa. Jirgin kansa jirgin rangadi. Abin da Auta ya yi ke nan: rangadin teku tsakanin tsibirai da tsoffin tungayen masunta. Masu cewa ya yi tsawo, ku faɗe shi da Turanci ku ƙirga kalmomin.

Na shiga gaida Inna na gwada mata. Na ce, "Inna, na samo. Rangadin teku ya fita." Ta ajiye ludayin kokonta ta ce, "Rangadi? Sarauta suka ba shi?" Na ce a'a, kuɗinsa ya biya. Ta ce, "To da sauƙi, mai rangadi ai yana komowa gida." Ba ta ƙara tambayar wane gari ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta sallah, don Auta ya turo hoton ƙarfe goma sha biyun dare rana tana sama. Na ce mata Musulmin Tromso lokutan Makka suke bi a makonnin da rana ba ta faɗuwa. Ta jinjina kai, ta ce in gaya masa in zai dawo kada ya kuskura ya sako mata kan kifin nan cikin akwati ɗaya da atamfa.