"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": ta dace da Nkrumah?

Ɗan Zangon Kumasi: Jama'a, jiya wani baƙo ya yi ta yabon Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, a gidanmu, sai kakana ya katse shi da cewa "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Kakan nawa yana Kumasi ranar 24 ga Fabrairun 1966, lokacin da sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnati, Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Ya ce da idonsa ya ga mutane suna rawa a titi. Ke nan wanda ba ɗan Ghana ba ya yi shiru?

Hajiya Talatu: Ɗana, ba shiru ake nufi ba. Wanda yake kwana a ɗaki shi ya san inda zai ajiye kwano da damina, mai wucewa kuwa jinka kawai yake gani. Na waje sun ga 'yancin kai a 1957 da dam ɗin Akosombo. Na ciki sun ga dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, sun ga ɗan adawa J.B. Danquah, wanda yana cikin waɗanda suka kira Nkrumah gida a 1947, ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965.

Malam Bello Zariya: Hajiya, ki gafarce ni, wa ne ne mai ɗakin a nan? In talaka ne, na yarda. In shugaba ne, karin maganar ta juya masa baya. Tun bayan harin bam da aka kai wa Nkrumah a garin Kulungugu a 1962 ya rage shiga jama'a, a 1964 ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya. Farashin koko ya faɗi, kaya suka yi wuya a kasuwa, masu gaya masa gaskiya kuma sun yi ƙaranci. Yoyon yana bisa kansa bai ji ɗigo ba.

Hajiya Talatu: Malam, ai a bakin tsofaffi mai ɗaki shi ne wanda ruwan yake jiƙawa.

Ɗan Zangon Kumasi: Na sake tambayar kaka da safe. Ya ce shi ma ya yi murna a 1966, amma da gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta kori baƙi a 1969, maƙwabtanmu Hausawa suka ɗaure kaya suka hau mota, ranar ce ya yi kukan Nkrumah.