Mai ciwon suga zai iya shan mangwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mangwaro ya cika kasuwa. Shin mai ciwon suga zai iya sha? Kuma da gaske yana kawo zazzaɓi da gudawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai iya, amma da awo. Giram 100 na tsokar mangwaro yana da suga kusan giram 14, don haka rabin ɗan madaidaici ya isa a zama ɗaya. A yanka a ci, kada a markaɗa a tace, domin sugan lemon da aka tace yana saurin shiga jini. A haɗa da gyaɗa kaɗan, kuma kada a ɗora shi kan tuwo ko shinkafa. Bayan awa 2 a auna suga, shi zai nuna ko a rage.

Amsa ta 2: Sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ba mangwaro ba. Gudawa kuma yawanci daga ƙudaje da dattin hannu take. A wanke da ruwa mai tsabta, a fere. Ƙaron da ke fitowa ta wajen kara shi ke sa wa wasu ƙuraje a leɓe.

Amsa ta 3: Malam, a kula da wanda aka nunar da kabaid, wato sinadarin da wasu ke sa wa 'ya'yan itace don su nuna da wuri. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta sha gargaɗi a kansa. Alamarsa: bawo rawaya, ciki da tauri da tsami, ba ƙamshi. Nunanne na gaske kuwa, bitamin C ɗinsa na taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da zogale.