Yaya za mu tsara 'yan sa kai masu karɓo ragowar abinci?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu a nan Kano ta fara karɓo ragowar abincin biki da walima, da kayan gwari da wasu 'yan kasuwar 'Yankaba ke ba mu da yamma, muna raba wa marayu da zawarawa. 'Yan sa kai sun kai 20, yawanci ɗalibai, amma kowa yadda ya ga dama yake yi. Me ya kamata mu fara koya musu?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Ku fara da koya musu abin da za su ƙi karɓa, don ɗalibi kunya ba za ta bar shi ya ce wa mai biki "a'a" ba sai in ƙa'ida ce a rubuce.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke shi. Mai karɓowa ya tambayi ƙarfe nawa aka sauke, ya rubuta a takarda ya manna a jikin kular. Daga tukunya ko kular da ba a taɓa ba ake ɗiba. Abin da ya dawo daga farantin baƙi ba ya shiga. Miya daban, shinkafa daban, salak da ƙwai kuwa a bar su gaba ɗaya. Shinkafa ta fi yaudara: in ta daɗe a ɗumi-ɗumi, ƙwayar cutar da ke cikinta tana fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa, kuma ba lallai ta yi wari ba. Wanda za a ɗumama, sai ya yi zafi har tsakiya yana tururi, kuma sau ɗaya tak.

Duk ɗan sa kai da ya yi amai ko gudawa ya zauna gida har awa 48 bayan ya warke.

Anti Bilki:
Ƙari kan na Baban Sadiq, ki raba 'yan sa kan gida huɗu: masu karɓowa, masu tantancewa, masu zubawa, masu rabo, kowane da shugaba. Sabo ya yi sati 2 tare da tsohon hannu. Wajen tantance kayan gwari, a zazzage kwandon a kan tabarma, kada a tsinta daga sama, ruɓaɓɓen yana ƙasa. Tumatirin da ya fashe amma bai ruɓe ba a markaɗa a tafasa a ranar. Gyaɗa ko masara mai fumfuna a zubar, wanki da dahuwa ba sa fitar da gubarta, hanta take ci. Gwangwanin da ya kumbura shi ma haka.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. To ranar rabo fa? Mutane suna taruwa fiye da abin da muka tanada.

Malam Na Fagge:
Nan ne wurin da ya fi haɗari, Hajiya. A Disambar 2024 an rasa rayuka a turmutsutsun rabon kayan tallafi a Ibadan da Okija ta jihar Anambra da Abuja, na Ibadan yara 35 ne. Kada ku yi shela a rediyo ko Facebook. Ku zauna da mai unguwa da limami a fitar da sunayen gidaje, a ba kowane gida kati mai lamba da lokacin zuwa, mutum 20 a kowane rabin awa. Adadin katin ya yi ƙasa da adadin abincin. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, layin mata daban kuma mata ne za su kula da shi. Tsofaffi da mata masu takaba a kai musu har gida.

Abu biyu a faɗa wa 'yan sa kai tun ranar farko: ba a ɗaukar hoton mai karɓa, kuma nasu kason a ware shi a fili kafin a fara rabo, a rubuta a littafi, don da yawansu su ma mabuƙata ne.